SHARHI: Arhar Jarrabawar Kwamfuta Da Tsadar Kuskurenta

A kowace shekara idan watan Agusta ya kama, dubban matasa da magidanta a ƙasar Amurka sukan yi layi a ofisoshin kwalejojin al'umma domin yin rajistar shiga karatu. Shekara da shekaru, abu na farko da akan yi wa sabon ɗalibi bayan ya cike takardu shi ne a kai shi wani ɗaki, a zaunar da shi gaban kwamfuta, a ce ya amsa tambayoyi kimanin 20 na lissafi da wasu kamar haka na Turanci. Kafin ya tashi daga kan kujera sakamako ya fito. Wannan sakamako ne zai yanke hukuncin ko zai shiga ajin kwaleji kai tsaye, ko kuwa sai ya shafe zango ɗaya, biyu ko uku yana biyan kuɗin darussan share fage, waɗanda ba za a ƙirga masa su ba ranar da za a ba da takardar shaida.

Wannan jarrabawa ta tantance aji ta yi wa kwalejoji arha matuƙa. Amma binciken da masana tattalin arzikin ilmi suka gudanar daga shekarar 2010 zuwa yau ya tabbatar da cewa arhar ta tsaya ne a ofishin akawun kwaleji, ita kuwa tsadar kuskuren da na'urar kan yi, a wuyan ɗalibi take sauka. Ganin yadda Nijeriya ta rungumi jarrabawar kwamfuta hannu bibbiyu, ya dace masu tsara manufofin ilmi da masu riƙe da asusun gwamnati su san abin da ya faru a can, da kuma yadda aka gano shi.

Kwalejin al'umma makaranta ce ta shekara biyu wadda jiha ko gunduma ke ɗaukar nauyinta. Wadda aka fi sani a matsayin ta farko ita ce ta garin Joliet a jihar Ilinoi, wadda aka buɗe a 1901, kuma a yau akwai irinta kimanin 1,000 a faɗin Amurka. A nan ne ake horar da ma'aikatan jinya, da masu walda, da masu gyaran lantarki, da akawu, kana daga nan ne ɗimbin 'ya'yan talakawa kan tsallaka zuwa jami'a don ƙarasa digiri. Kuɗin makaranta ga ɗan gunduma ya kai kimanin dala 4,000 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, wanda bai kai rabin abin da jami'ar jiha ke karɓa ba. Babbar aƙidar waɗannan kwalejoji ita ce ƙofa a buɗe take: duk wanda ya gama sakandare yana da wuri.

To, makarantar da ba ta korar kowa a bakin ƙofa tilas ta nemi hanyar rarrabe wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. A aji guda za a sami yarinyar da ta bar sakandare watanni uku da suka wuce, da direban babbar mota wanda rabonsa da littafin lissafi shekara goma sha biyar ke nan, da baƙon da ya zo ƙasar bara yana koyon Turanci. Daga wannan buƙata ce jarrabawar tantance aji ta samo asali, kuma babu mai hankalin da zai ce buƙatar ba ta gaskiya ba ce.

Yadda na'urar ke aiki

Jarrabawa biyu ne suka mamaye wannan kasuwa. Ta farko ita ce ACCUPLACER, ta ƙungiyar College Board, wadda ta fara fitowa a tsakiyar shekarun 1980. Ta biyu ita ce COMPASS, ta ƙungiyar ACT da ke jihar Ayowa. An gina dukkansu ne a kan dabara guda. Kwamfuta takan fara da tambaya mai matsakaicin wuya. Idan ɗalibi ya amsa daidai sai ta kawo masa wadda ta fi ta wuya, idan ya faɗi sai ta sauko da shi zuwa mai sauƙi. Da haka, cikin 'yan tambayoyi kaɗan, take ƙiyasta matsayinsa ta ba shi maki. A sabon tsarin ACCUPLACER da ya maye gurbin tsohon a 2019, makin yana kamawa ne daga 200 zuwa 300, kuma kowace kwaleji ko jiha ita ke tsayar da iyakar makin da za a ce wanda ya gaza kai shi sai ya yi share fage.

Ba abin mamaki ba ne da shugabannin kwalejoji suka yi na'am da wannan tsari. Babu kuɗin buga takardu, babu alawus na masu duba jarrabawa, babu jiran sakamako na makonni. Ɗalibi na iya zuwa da safe, ya yi jarrabawa, ya zaɓi darussa, ya biya kuɗi, duk kafin azahar. Ga kwalejin da ke karɓar sababbin ɗalibai dubu goma da 'yan ma'aikata ƙalilan, wannan sauƙi ne babba. Bugu da ƙari, maki na fitowa da lamba, ita kuwa lamba tana da kwarjini. Jami'in da ya ce wa ɗalibi makinsa bai kai ba ya huta da gardama, domin ba shi ya yanke hukunci ba, na'ura ce.

Sakamakon haka shi ne darussan share fage suka zama wata babbar masana'anta. Ƙididdigar Ma'aikatar Ilmi ta Amurka ta nuna cewa daga cikin ɗaliban da suka shiga kwalejojin al'umma a shekarar karatu ta 2003 zuwa 2004, kashi 68 cikin 100 sun yi aƙalla darasin share fage guda ɗaya. Masana a Jami'ar Kolumbiya da ke birnin Niyok sun ƙiyasta a 2014 cewa irin waɗannan darussa suna cin kimanin dala miliyan dubu 7 a kowace shekara a faɗin ƙasar.

Abin da ɗalibi ke biya ya wuce kuɗin rajista. Tallafin karatu na gwamnatin tarayya da ake kira Pell, wanda shi ne jigon karatun 'ya'yan talakawa, tun daga 2012 aka ƙayyade shi zuwa zango 12 a tsawon rayuwar mutum. Duk zangon da aka ɓatar a share fage an cire shi ke nan daga wannan ƙidaya. Sannan ga albashin da aka rasa. Matar da ke son zama ma'aikaciyar jinya, idan aka jinkirta ta da shekara guda, ta yi asarar albashin shekara guda na ma'aikaciyar jinya, alhali kuɗin haya da na renon yara ba su tsaya jiranta ba.

Da a ce darussan suna kai mutane gaci, da sai a ce kuɗi sun yi amfani. Amma binciken da Thomas Bailey da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Kwalejojin Al'umma ta Jami'ar Kolumbiya suka wallafa a 2010 ya nuna akasin haka. Daga cikin ɗaliban da aka tura share fagen lissafi, kashi 33 cikin 100 ne kaɗai suka kammala jerin darussan cikin shekara uku, kuma kashi 20 ne kacal suka ci darasin lissafi na farko na matakin kwaleji. Abin lura kuma shi ne da yawa daga cikin waɗanda suka zube ba faɗuwa jarrabawa suka yi ba. Wasu ba su ma yi rajistar darasin farko ba, wasu kuwa sun ci na farko amma ba su dawo na biyu ba.

Lissafin wannan zubewa ba shi da wuya. A ɗauka, alal misali, an ce wa ɗalibi sai ya yi darussan share fage uku kafin ya shiga ajin kwaleji. Kowane darasi yana da ƙofa biyu, ta yin rajista da ta cin jarrabawa. Idan aka haɗa da ajin kwalejin kansa, ƙofofi sun zama takwas. Ko da a ce mutum 80 cikin 100 suna wuce kowace ƙofa, wanda a ido adadi ne mai kyau, a ƙarshen ƙofa ta takwas mutum 17 ne za su rage daga cikin 100 ɗin da suka fara. Tsawon hanyar kansa yana cin mutane, ko malaman share fage sun ƙware ko ba su ƙware ba.

Kuskure iri biyu

Tambayar da ta daɗe ba a yi ba ita ce: su waɗanda na'urar ta tura share fage, shin duka suna buƙatarsa? Judith Scott-Clayton, masaniyar tattalin arziki a wannan cibiya ta Kolumbiya, ta ɗauki wannan tambaya a 2012, kana ita da Peter Crosta da Clive Belfield suka faɗaɗa binciken a 2014 da bayanan dubban ɗalibai. Sun gano cewa kimanin ɗalibi ɗaya cikin huɗu a lissafi, da ɗaya cikin uku a Turanci, an sanya su a ajin da ya yi nisa ƙwarai da inda ya dace da su. Kuma mafi yawan kuskuren ta ɓangare guda yake, wato mayar da wanda zai iya cin ajin kwaleji da sakamako mai kyau zuwa share fage.

Dalilin da ya sa kuskuren ya karkata gefe guda shi ne ya fi komai muhimmanci ga mai nazarin tattalin arziki. Idan aka sa ɗalibin da bai shirya ba a ajin kwaleji ya faɗi, kowa zai gani. Malami zai yi ƙorafi a taron sashe, adadin waɗanda suka faɗi zai bayyana a rahoton shekara, shugaban kwaleji zai sha tambaya. Amma idan aka tura wanda ya shirya zuwa share fage, babu mai gani. Idan ya ci darasin cikin sauƙi sai a ce share fage ya yi masa amfani. Idan ya gaji ya koma aikin kanti sai a ce daman bai shirya ba. Ko ta wane hali tsarin ya fita da gaskiya a idon masu gudanar da shi.

Saboda haka duk lokacin da malamai suka zauna don tsayar da iyakar maki, hankalinsu kan koma ga kuskuren da suke gani a ajinsu, sai su ɗaga iyakar sama. Babu mugunta a cikin wannan. Masu yanke hukuncin ba su ne ke biyan kuɗin kuskure na biyu ba, kuma babu takardar da ke nuna musu shi. Daɗin daɗawa, ɗalibin share fage yana biyan kuɗin makaranta kamar kowa, kuma jihohi da dama suna ba kwalejoji kuɗi ne gwargwadon yawan waɗanda suka yi rajista. Ke nan babu abin da ke matsa wa kwaleji lamba ta binciki kuskuren da bai taɓa aljihunta ba.

Me ya sa jarrabawar kan yi kuskure haka? Na farko, gajeriya ce. Tambayoyi 20 ba za su iya auna karatun shekara 12 ba, kuma kuskure biyu ko uku a farkon jarrabawa na iya saukar da mutum ƙasa. Na biyu, ɗalibai da yawa ba su san nauyinta ba. Akan ce musu ba jarrabawar ci ko faɗuwa ba ce, sai su shiga ba tare da bita ba, wasu ma su yi sauri don su koma wurin aiki. Wanda ya manta yadda ake raba ɓangarorin lamba saboda ya daɗe bai yi ba, bitar mako biyu ta ishe shi, amma na'urar ba ta iya bambanta shi da wanda bai taɓa iyawa ba. Na uku, cin darasi a kwaleji yana buƙatar abubuwan da jarrabawar sa'a guda ba ta gani, kamar zuwa aji kullum, da miƙa aikin gida a kan lokaci, da juriya idan abu ya yi wuya. Matsakaicin sakamakon sakandare kuwa, tun da tarin hukuncin malamai da yawa ne cikin shekara huɗu, yana ɗauke da alamun waɗannan halaye. Shi ya sa binciken ya nuna cewa sakamakon sakandare ya fi makin kwamfuta iya hasashen wanda zai ci ajin kwaleji, kuma haɗa su biyun ya fi dogaro da makin shi kaɗai.

Gyaran da aka yi

Wannan bincike bai tsaya a ɗakin karatu ba. A 2013 jihar Karolina ta Arewa ta amince cewa wanda ya fito sakandare kwanan nan da matsakaicin sakamako 2.6 cikin 4 yana iya shiga ajin kwaleji ba tare da jarrabawar tantance aji ba. A wannan shekarar ce majalisar jihar Fulorida ta yi dokar da ta mayar da jarrabawar da share fagen zaɓi ga yawancin waɗanda suka kammala sakandaren gwamnati a jihar. A 2015 jihar Tenesi ta koma tsarin sa ɗalibi a ajin kwaleji kai tsaye tare da ba shi ƙarin darasin tallafi a zango guda. A shekarar 2015 ɗin dai, ita kanta ƙungiyar ACT ta ba da sanarwar janye COMPASS daga kasuwa zuwa ƙarshen 2016, tana mai amincewa da cewa jarrabawar ba ta taimakawa wajen sanya ɗalibai a inda ya dace kamar yadda take yi a da. Abu ne da ba a saba gani ba, mai haja ya kwashe hajarsa daga kasuwa alhali ana saye.

Gwaji mafi girma a jihar Kalifoniya aka yi shi, wadda ke da kwalejojin al'umma 116. A 2017 Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a doka mai lamba AB 705, wadda ta juya nauyin hujja. A da ɗalibi ne zai nuna ya cancanci ajin kwaleji. A ƙarƙashin dokar, kwaleji ce za ta nuna cewa da wuya ɗalibi ya ci ajin, kuma share fage zai ƙara masa damar ci, kafin ta tura shi can. An kuma wajabta amfani da sakamakon sakandare. Alkaluman da Cibiyar Nazarin Manufofin Jama'a ta Kalifoniya ta fitar sun nuna cewa a zangon kaka na 2015 kashi 38 cikin 100 na masu fara Turanci ne suka shiga ajin kwaleji kai tsaye, kuma kashi 27 suka ci shi a zango guda. A zangon kaka na 2019 kashi 96 suka shiga, kashi 61 suka ci. A lissafi, masu shiga sun tashi daga kashi 21 zuwa 78, masu ci kuma daga kashi 14 zuwa 40. A 2022 jihar ta ƙara tsaurara dokar da wata mai lamba AB 1705.

Haka zalika an yi gwaji ta hanyar ƙuri'a a kwalejojin al'umma bakwai na jihar Niyok, da ɗalibai kusan 13,000. An bar wasu a tsohon tsarin maki kaɗai, wasu kuma aka tantance su da lissafin da ya haɗa maki da sakamakon sakandare. Waɗanda sabon tsarin ya ɗaga zuwa ajin kwaleji sun fi takwarorinsu na tsohon tsari cin darussan kwaleji. A lura cewa a nan ma kwamfuta ce ta yi lissafin. Bambancin shi ne an ba ta bayanai masu yawa, kuma an auna hasashenta da abin da ya faru daga baya.

Masu sukar wannan gyara suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Idan aka yi lissafi da alkaluman Kalifoniya da aka ambata, a 2015 kimanin biyu cikin uku na waɗanda suka shiga ajin lissafi sun ci shi, a 2019 kuwa rabi da 'yan kai ne. Wato yawan masu faɗuwa a cikin aji ya ƙaru, kuma malaman da ke kuka da haka gaskiya suke faɗa. Sai dai ma'aunin da ya kamata gwamnati ta duba shi ne mutum nawa cikin waɗanda suka shigo ƙofa suka kai gaci, kuma a wannan ma'auni 40 ya ninka 14 kusan sau uku. Ajin da ke da kyakkyawan sakamako saboda an hana yawancin mutane shigarsa bai ƙara wa ƙasa ma'aikatan jinya ko ɗaya ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, wato cewa sakamakon sakandare na iya kumbura idan malamai suka san shi ne zai buɗe ƙofa. Manyan jami'o'in da suka ajiye jarrabawar shiga a lokacin annobar korona sun fara dawo da ita: MIT a 2022, sai Dartmouth da Yale da Harvard a 2024, bisa dalilin cewa makin jarrabawa yana ba su bayanin da takardar sakandare ba ta bayarwa. Amma waɗannan jami'o'i zaɓen 'yan kaɗan suke yi daga cikin zaƙaƙurai, aikin da ya sha bamban da na kwalejin da ta riga ta karɓi kowa. Kuma su ma ba su ce maki shi kaɗai zai yi hukunci ba. Abin da hujjar ta tabbatar shi ne kowane ma'auni na iya lalacewa, don haka tilas a riƙa gwada shi a kai a kai. Akwai kuma magidancin da ya bar makaranta tuntuni, da baƙon da takardunsa na wata ƙasa ne, waɗanda har yanzu jarrabawa ce hanyar da ta fi sauƙi ta sanin matsayinsu.

Inda batun ya shafi Nijeriya

Dole a faɗi bambanci tun da farko. Jarrabawar da hukumar JAMB ke shiryawa ta neman gurbi ce, ba ta tantance aji ba, kuma tana raba gurabe ne waɗanda ba su isa kowa ba. An kafa hukumar a 1978, ta fara gwada kwamfuta a 2013, ta koma gare ta gaba ɗaya a 2015. Amfanin da aka samu a fili yake: an rage satar takardun tambaya, sakamako na fitowa cikin kwanaki, kuma a 2017 hukumar ta mayar wa asusun gwamnatin tarayya rarar naira miliyan dubu 7.8. Babu mai kishin ilmi da zai nemi a koma zamanin fensir da buhunan takardu.

Duk da haka, rarar kuɗi shaida ce ta arhar gudanarwa, ba ta nuna ko makin yana auna abin da ake so ya auna. A 2025, daga cikin kimanin mutum miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Bayan koke-koken iyaye da ɗalibai, magatakardan hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ranar 14 ga Mayu, 2025, ya amince cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon mutum 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka kuma sake musu jarrabawa. Ya cancanci yabo da ya amsa laifi a bainar jama'a. Amma wannan kuskure ne irin na farko, wanda ake gani, kuma an gan shi ne domin ya faɗa wa mutane da yawa a lokaci guda. Yarinyar ƙauye da ta fara taɓa kwamfuta ranar jarrabawa, bayan tafiyar asuba zuwa cibiya a wani gari, idan ta rasa maki 30 saboda ruɗewa, babu taron manema labarai da za a kira dominta.

Akwai kuma wurin da kamannin ya fi kusa. A taron tsara manufofin shiga makarantu na 2025 an tsayar da maki 150 a matsayin mafi ƙaranci ga jami'o'i, da maki 100 ga kwalejojin fasaha da na ilmi. Maki 100 cikin 400 a jarrabawar zaɓi ɗaya cikin huɗu bai wuce abin da mai canka zai iya samu ba. Ma'ana, ƙofar kwalejojin fasaha da na horar da malamai kusan a buɗe take, kamar ta kwalejojin al'umma na Amurka, kuma matsalar da ke gabansu ita ce yadda za su yi da ɗaliban da shirinsu ya bambanta. Tuni ƙasar nan take da nata shirye-shiryen share fage, daga makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa zuwa ire-irenta a jami'o'i da kwalejoji da dama, inda iyaye ke biyan kuɗin shekara guda, wani lokaci fiye da kuɗin karatun digiri. Waɗannan shirye-shirye sun taimaki jihohin da aka bari a baya a ilmin boko, amma hakkin iyaye ne su san mutum nawa cikin 100 ke tsallakewa daga share fage zuwa aji ɗaya, da mutum nawa ke kammala karatu.

Kwaikwayon Kalifoniya ido rufe ba zai yi ba. Can an dogara da sakamakon sakandare ne domin akwai amana a rijistar makarantu. Nan kuwa kowa ya san labarin cibiyoyin da ake biya a sami sakamakon WAEC ko NECO mai kyau, kuma makin aikin aji da makarantu ke aikawa ba kasafai ake tantance shi ba. Idan aka ajiye jarrabawar kwamfuta aka koma kan waɗannan takardu kaɗai, an gudu ne ba a tsira ba. Abin da ya dace a ɗauko daga Amurka shi ne hanyar da aka bi aka gano kuskuren, wato bin sawun ɗalibi daga ranar jarrabawa zuwa ranar kammala karatu.

Kayan aikin yin haka suna nan. Tun 2017 JAMB take tattara bayanan ba da gurbi a tsari guda na kwamfuta, kuma tun 2021 ake yin rajista da lambar shaidar ɗan ƙasa. Abin da ya rage shi ne Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta wajabta wa hukumomin kula da jami'o'i, da kwalejojin fasaha, da kwalejojin ilmi, su riƙa karɓar sakamakon shekarar farko na kowane ɗalibi daga makarantunsu, a haɗa shi da makin JAMB da na sakandare, a ba masu bincike na jami'o'in ƙasar nan bayan an cire sunaye. Daga nan ne za a san ko mai maki 180 ya fi mai maki 160 yin nasara a aji ɗaya, da kuma ko bambancin ya kai a mayar da mutum gida ya jira wata shekara. Jami'o'in da ke haɗa makin JAMB da na jarrabawarsu da na sakandare sun kama hanya, amma kason da suke ba kowanne ya kamata ya fito daga irin wannan bincike, a kuma bayyana shi ga jama'a.

Kazalika ya kamata duk makarantar da ke karɓar kuɗin share fage ta riƙa buga adadin waɗanda suka shiga da waɗanda suka tsallake a kowace shekara, kafin a sabunta mata izni. Kwalejojin fasaha da na ilmi su gwada tsarin sa ɗalibi mai rauni a aji ɗaya tare da ƙarin darasin lissafi ko Turanci a zango guda, su kwatanta shi da share fagen shekara cikakkiya, su ga wanda ya fi kai mutane gaci da kuɗi kaɗan. Gwamnatocin jihohi kuma, musamman na Arewa, su tabbatar cewa ɗan aji shida na sakandaren gwamnati ya zauna gaban kwamfuta sau da yawa kafin ranar da makomarsa za ta rataya a kanta, tun da Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya bayyana a 2025 aniyar mayar da jarrabawar WAEC da NECO ma kan kwamfuta.

Amurka ta shafe kusan shekara 30 tana tantance ɗalibai da na'ura kafin a zauna a ƙirga waɗanda aka mayar baya ba bisa ƙa'ida ba, kuma a tsawon wannan lokaci ɗalibai ne da masu biyan haraji suka ɗauki asarar. Masu iya magana kan ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A Nijeriya, Majalisar Tarayya tana da ikon sanya irin wannan bincike a matsayin sharaɗi yayin amincewa da kasafin kuɗin hukumar na shekara mai zuwa.